Yadda Ake Raba Faifan Ajiyar Kwamfutar Ofis da Tsarin LVM: Bayani ga Jami'an Ƙananan Hukumomi da Jama'ar Karkara

Daga cikin amsoshin da mutanen karkara suka fi jin zafinsu idan sun zo sakatariyar ƙaramar hukuma akwai wadda ake cewa, “Kwamfuta ta cika, sai a dawo wani makon.” Mutum ya bar gonarsa, ya biya kuɗin mota ko na acaɓa tun daga ƙauye, domin ya karɓi takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, ko a duba masa sunansa a jerin manoman da za a ba taki, ko a buga masa takardar fili, sai ya koma gida hannu rabbana. Abin takaicin shi ne, sau da yawa faifan ajiyar kwamfutar bai cika ba. Yanki ɗaya ne daga cikinsa ya cika, alhali na kusa da shi yana nan wayam, an rasa yadda za a ɗebo daga wannan a ƙara wa wancan.

An tanadi wannan bayani ne domin jami'an da ke kula da uwar garke, wato babbar kwamfutar ofis wadda sauran kwamfutoci ke ajiye bayanansu a cikinta, musamman idan tana aiki da babbar manhajar Linux. Har ila yau zai amfani shugabannin sassa, da ma'aji, da kansiloli, waɗanda a gabansu ake kawo takardar neman kuɗin sayen sabon faifai, su san abin da za su tambaya kafin su sa hannu. Wanda ba ya taɓa kwamfuta yana iya tsallake layukan umarnin, sauran bayanin zai ishe shi.

Tsohuwar hanya da matsalarta

A tsohon tsari, ranar da aka fara ɗora wa kwamfuta babbar manhaja, ranar ake yanke wa faifai hukunci. Akan raba shi yanki-yanki, a ce wannan na albashi ne, wancan na takardun filaye, kowane yanki da farkonsa da ƙarshensa a jikin faifan, ɗaya na manne da ɗaya kamar ɗakunan gidan haya. Idan ɗakin tsakiya ya yi kaɗan, ba a faɗaɗa shi sai an rushe katangar maƙwabci. A aikace wannan yana nufin a tsayar da aikin ofis, a kwashe bayanai zuwa wani wuri, a sake rabon, a dawo da su, kuma a kowane mataki akwai inda za a iya yin asara. Ga shi kuwa babu jami'in da zai iya sanin, tun ranar farko, sashen da zai fi cin wuri nan da shekara uku. Takardun albashi rubutu ne da lissafi, ba su da nauyi. Amma da zarar sashen filaye ya fara ɗaukar hoton tsofaffin takardu da taswirori yana zubawa a kwamfuta, yankinsa kan cika cikin 'yan watanni.

Maganin da masu Linux suka samar shi ne tsarin da ake kira LVM. Wani Bajamushe mai suna Heinz Mauelshagen ne ya rubuta na farkonsa a 1998, ya ɗauko fasalinsa daga irin wanda ke cikin babbar manhajar HP-UX ta kamfanin HP. Ya shiga cikin Linux 2.4 da ta fito a 2001, daga baya aka sake gina shi da sunan LVM2 tare da Linux 2.6 ta 2003, kuma wannan na biyun ne ake amfani da shi har yau a Red Hat da Debian da Ubuntu da danginsu. Kyauta ne, ba a biyan kuɗin lasisi a kansa.

Gona, gandu da gayauna

Wanda ya san noman gandu ya riga ya san LVM, sunaye ne kawai suka bambanta. Maigida yana da gonaki, wata a bayan gari, wata a bakin fadama. Dukkansu gandu ɗaya ne a hannunsa. Daga cikin gandun yake yanka wa 'ya'ya da matan gida gayauna, kowa gwargwadon buƙatarsa da ƙarfinsa. Idan yaro ya girma ya yi aure, a ƙara masa kunyoyi, ba lallai su kasance manne da na farko ba, ana iya ba shi a wata gonar. Idan maigida ya sayi sabuwar gona, ta shiga gandu, abin rabo ya ƙaru.

Haka abin yake a kwamfuta. Kowane faifai da aka miƙa wa LVM gona ce, kuma duk umarnin da ya shafe ta da haruffan pv yake farawa. Tarin gonakin shi ne gandu, umarninsa da vg yake farawa. Rabon da aka yanka wa kowane sashe shi ne gayauna, nata umarnin da lv yake farawa. Kunya kuwa ita ce ƙaramin ma'aunin da ake rabo da shi: LVM yakan yanyanka kowace gona ƙanana-ƙanana daidai wa daida, kowace kunya megabait 4 idan ba a canza ba, sa'annan ya riƙe littafin da ke nuna wace kunya ce ta wace gayauna. Wannan littafi shi ne sirrin duka. Faɗaɗa gayauna ba ya buƙatar a matsar da kowa, rubutu ne kawai ake ƙarawa a littafin cewa kunyoyi kaza, daga gona kaza, yanzu na sashen filaye ne. Su kuwa manhajojin ofis ba su san da wannan ba, abin da suke gani faifai ɗaya ne shimfiɗaɗɗe.

Kafin a taɓa komai

Ana ba da waɗannan umarni ne a allon umarni, da izinin babban mai kula da kwamfuta, shi ya sa ake fara kowanne da kalmar sudo. Umarni na farko na dubawa ne kawai, ba ya canza komai:

sudo lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL,MOUNTPOINT

Zai jero faifan da ke cikin kwamfutar, da girmansu, da lambar da kamfani ya buga a jikin kowanne, da inda aka ɗaura su. Linux tana kiran faifai na farko sda, na biyu sdb, na uku sdc. Waɗannan sunaye ba na dindindin ba ne, wanda yake sdb yau yana iya zama sdc gobe idan aka sauya wayoyi ko aka soka filashi kafin a kunna kwamfuta. Saboda haka wajibi ne jami'i ya gwada lambar da ya gani a allo da wadda ke manne a jikin faifan kafin ya ci gaba. Mafi yawan asarar da ake yi a wannan aiki daga nan take tasowa, harafi ɗaya ya kuskure, a share faifan da ke ɗauke da aikin shekaru.

Mu ƙaddara an sayo sabon faifai mai terabait 1, an tabbatar shi ne sdb, kuma babu komai a cikinsa. Sai a mayar da shi gona, a kafa gandu a kansa:

sudo pvcreate /dev/sdb
sudo vgcreate gandu /dev/sdb

Kalmar gandu a nan suna ne da muka zaɓa, kowane ofis yana iya sa wanda ya ga dama, sai dai a guji haruffa masu ƙugiya da tazara a tsakanin kalmomi. Yana da kyau sunan ya bambanta da na kowace kwamfuta a ofis, domin ranar da aka cire faifai daga wata kwamfutar aka kai wata, gandu biyu masu suna ɗaya a wuri guda rigima ce. Idan aka duba da umarnin vgs za a ga girman gandun ya kai kimanin gigabait 931 ne, bai cika 1,000 ba. Ɗan kwangila bai yi ha'inci ba. Kamfanonin faifai suna lissafi da dubu-dubu, kwamfuta kuwa da 1,024 take lissafi, bambancin ke nan. A ma'aunin kunya, gandun yana da kunyoyi fiye da 238,000.

Yanzu sai rabo:

sudo lvcreate -L 200G -n albashi gandu
sudo lvcreate -L 300G -n filaye gandu

An yanka wa sashen albashi gigabait 200, wato kunyoyi 51,200, an ba sashen filaye gigabait 300. Saura kimanin gigabait 431 ba a ba kowa ba, kuma da gangan aka bar su. A nan ne sababbin jami'ai kan yi gaggawa su raba gandun kaf tun ranar farko, suna ganin abin da aka bari ya zama asara. Wanda ya yi haka ya mayar da kansa tsohon tsari da hannunsa. Ƙara wa gayauna abu ne na minti ɗaya, rage ta kuwa aiki ne mai haɗari, kamar yadda bayani zai zo. Don haka a ba kowane sashe abin da zai ishe shi na 'yan watanni, sauran ya zauna a hannun maigida.

Gayauna da aka yanka fili ne da ba a yi wa huɗa ba. Kafin a zuba mata bayanai sai an shimfiɗa mata tsarin jera fayil, sa'annan a ɗaura ta a kan wata folda inda ma'aikata za su riƙa samunta:

sudo mkfs.ext4 /dev/gandu/albashi
sudo mkdir -p /srv/albashi
sudo mount /dev/gandu/albashi /srv/albashi

Haka za a yi wa ta filaye. Umarnin mkfs yana shafe duk abin da ya tarar, sau ɗaya ake ba da shi a rayuwar gayauna. Domin ɗaurin ya dawo da kansa duk lokacin da aka kunna kwamfuta, sai a ƙara wannan layi a cikin fayil ɗin /etc/fstab:

/dev/gandu/albashi /srv/albashi ext4 defaults 0 2

Bayan an rubuta, a gwada da sudo mount -a tun kafin a kashe kwamfutar. Kuskure a wannan fayil yana iya hana uwar garke tashi da safe, gara a gano shi da rana ana zaune a gabanta. Wani alherin kuma shi ne, sunan /dev/gandu/albashi ba ya canzawa ko da sdb ya koma sdc, domin LVM yana gane gonakinsa ne da alamar da ya rubuta a farkon kowace, bai damu da jerin haruffa ba.

Ranar da sashe ya cika

Umarnin df -h yana nuna yadda kowace gayauna ta cika. Kada a jira sai ta kai maƙura. Idan ta haura kashi 80 cikin 100, lokacin ƙari ya yi:

sudo lvextend -r -L +100G /dev/gandu/filaye

Wannan layi ɗaya shi ne amsar “a dawo wani makon.” Ana ba da shi ma'aikata suna kan aikinsu, ba a kashe kwamfuta, ba a kori kowa daga layi ba. Abubuwa biyu ne a cikinsa suke buƙatar lura. Na farko harafin r. Shi ne ke sa a faɗaɗa tsarin jera fayil tare da gayaunar. Idan aka manta shi, lvs zai nuna gigabait 400, df kuwa ya ci gaba da nuna 300, kamar an ƙara wa mutum fili amma ba a matsar da shinge ba. Gyaran ba wuya, sai a ba da sudo resize2fs /dev/gandu/filaye idan tsarin ext4 ne, ko xfs_growfs tare da sunan foldar idan XFS ne.

Na biyu alamar tarawa da ke gaban 100G. Da ita, ma'anar ita ce a ƙara gigabait 100 a kan abin da ke akwai. Babu ita, ma'anar ta koma a mayar da girman gayaunar gigabait 100 cif. Umarnin lvextend zai ƙi yin haka, tunda aikinsa ƙari ne kaɗai. Amma yana da ɗan'uwa mai suna lvresize wanda ke ƙarawa yana kuma ragewa, shi zai iya karɓa. Shawararmu ita ce jami'i ya saba wa hannunsa da lvextend, ya bar lvresize ga ranar da ya tabbata ita yake nufi.

Akwai ofisoshin da ke da wannan dama a hannu ba su sani ba. Manhajar girka Ubuntu ta uwar garke takan kafa LVM da kanta, da gandu mai suna ubuntu-vg da gayauna mai suna ubuntu-lv, kuma a babban faifai ba ta ba gayaunar dukkan filin, takan bar kaso mai yawa a gefe. Saboda haka kafin a rubuta wa ma'aji takardar neman sabon faifai, a fara ba da sudo vgs a duba abin da ke ƙarƙashin VFree. Idan akwai saura, matsalar ta ƙare ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Idan kuwa gandun ne da kansa ya ƙare, sai a sayo sabuwar gona:

sudo pvcreate /dev/sdc
sudo vgextend gandu /dev/sdc

Daga nan lvextend zai ci gaba da aiki kamar da, yana ɗebo kunyoyi daga sabon faifan.

Abin da wannan tsari ba ya yi

A nan ne ya kamata shugabannin sassa su buɗe kunne. Gayaunar da ta bazu a kan faifai biyu, rayuwarta tana rataye a kan dukkansu. Idan ɗaya ya mutu, kunyoyinta da ke kansa sun tafi, kuma tsarin jera fayil da ya rasa wani ɓangarensa ba ya karantuwa yadda ya kamata, har abin da ke kan lafiyayyen faifan yana iya zama da wuyar cetowa. Wato duk faifan da aka ƙara wa gandu a wannan hanya, an ƙara fili, an kuma ƙara ƙofar asara. A ƙasarmu kuwa faifai yana shan wahala: ga zafin bazara a ɗakin da babu na'urar sanyaya iska, ga ƙurar hunturu, ga ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi, ga sauyi daga wutar gari zuwa janareta. Duk wanda ya ce wa shugaban ƙaramar hukuma bayanai sun tsira saboda an sa LVM, bai faɗa masa gaskiya ba.

Ga gayaunar da ba a son aikinta ya tsaya, kamar ta albashi, ana iya tagwaita ta, a riƙa rubuta kowace kunya a faifai biyu lokaci guda:

sudo lvconvert --type raid1 -m 1 gandu/albashi

Wannan yana buƙatar gona biyu a gandu, da sauran fili a ta biyun daidai girman gayaunar da ɗan ƙari kaɗan, domin gigabait 200 za su ci 400. Umarnin lvs zai nuna yadda kwafin ke tafiya har ya kai 100. Daga nan ko faifai ɗaya ya mutu, aiki zai ci gaba a kan ɗayan har a kawo sabo, a shigar da shi gandu, a ba da lvconvert --repair. Sai dai tagwaye suna kwaikwayon juna a komai. Fayil ɗin da ma'aikaci ya goge bisa kuskure ya gogu a duka biyun, haka wanda muguwar manhaja ta lalata. Gobara da ɓarawo da tsawa kuma ba sa ɗaukar ɗaya su bar ɗaya. Kwafin ajiya a wani faifai daban, wanda ake cirewa a kulle a wani gini daban, babu abin da ke maye gurbinsa.

Abin da LVM ke taimakawa da shi wajen wannan kwafi shi ne hoto. Kwafe gayaunar da ake cikin rubutu a kanta kamar ƙirga tumaki ne suna tafiya. Hoto yana tsayar da kamanninta na wani lokaci guda, a kwafa daga gare shi a natse, ma'aikata kuma suna ci gaba da aiki a kan ta asali:

sudo lvcreate -s -L 20G -n albashi_hoto /dev/gandu/albashi
sudo mount -o ro /dev/gandu/albashi_hoto /mnt

Sai a kwafe abin da ke cikin /mnt zuwa faifan waje, a kwance ɗaurin da umount /mnt, a cire hoton da lvremove gandu/albashi_hoto, ana karanta sunan sau biyu kafin a amsa tambayar da zai yi. Gigabait 20 sun isa hoton gayauna mai 200 ne saboda hoton ba ya kwafe komai da farko. Sai an zo canza wani wuri a ta asali, sa'annan yake adana tsohon abin da ke wurin. Idan canje-canjen suka cika gigabait 20 ɗin, hoton ya lalace gaba ɗaya, ko da yake ta asali ba abin da zai same ta. Ana ganin cikarsa a ƙarƙashin Data% a umarnin lvs. Hoton da aka bari ya daɗe yana kuma rage saurin rubutu, don haka a ɗauka, a kwafa, a cire a rana guda. Idan manhajar albashi tana da rumbun bayanai, a dakatar da ita na ɗan lokaci a ɗauki hoton, sa'annan a sake ta. Wani amfanin hoto shi ne a ɗauke shi kafin sabunta manhaja, idan sabuntawar ta ɓata aiki a koma baya da lvconvert --merge.

Akwai kuma wani salon rabo da ake kira thin, inda ake yi wa sassa alkawarin fili fiye da wanda ke akwai, da zaton ba za su cika nasu lokaci guda ba. Yana da amfani a manyan cibiyoyi masu ma'aikatan da ke sa ido dare da rana. A ofishin da jami'i ɗaya ne, kuma yana iya tafiya kwas na mako biyu, ba mu ba da shawararsa ba, domin ranar da filin gaskiya ya ƙare, dukkan gayaunin da ke kansa ne za su tsaya tare.

Ragewa, da sauya faifan da ya tsufa

Rage gayauna shi ne aikin da ya fi kowanne haɗari. Tsarin XFS, wanda Red Hat ta mayar da shi na farko tun fitowarta ta 7 a 2014, a aikace ba a rage shi, sai dai a yanka sabuwar gayauna ƙarama a kwashe kaya a mayar can. Tsarin ext4 yana raguwa, amma sai an tsayar da aiki an kwance ɗaurinsa:

sudo umount /srv/albashi
sudo lvreduce -r -L 150G /dev/gandu/albashi

A nan harafin r ya fi zama dole, domin shi ne ke tattara bayanai zuwa gaba kafin a yanke bayan. Yanke gayauna ba tare da an rage tsarin jera fayil ba daidai yake da sayar da ƙarshen gona da amfanin da ke kanta. Sababbin fitowar LVM sukan duba su ƙi, tsofaffin kuwa gargaɗi kawai suke yi su wuce. Kada a fara wannan aiki sai akwai kwafin ajiya na ranar, kuma kwamfutar tana kan na'urar UPS ko inbata mai cikakken caji, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar tattarawa tana iya lalata gayaunar.

Sauya tsohon faifai kuwa yana daga cikin wuraren da tsarin ya fi burgewa. Faifai yakan yi gargaɗi kafin ya mutu: ƙara, ko nauyin aiki, ko abin da umarnin sudo smartctl -a /dev/sdb zai nuna na wuraren da suka lalace a jikinsa. Idan an ga haka, sai a sa sabon faifai wanda ya kai shi girma ko ya fi, mu ce sdd, a mayar da shi gona a shigar da shi gandu kamar yadda aka yi a baya, sa'annan:

sudo pvmove /dev/sdb /dev/sdd
sudo vgreduce gandu /dev/sdb
sudo pvremove /dev/sdb

Umarni na farko yana kwashe kunyoyi ɗaya bayan ɗaya zuwa sabuwar gona ma'aikata suna kan aiki, kuma yana iya ɗaukar sa'o'i. An gina shi yadda ko wuta ta ɗauke ana tsaka da kwasa, ba a rasa komai: idan kwamfuta ta tashi, a ba da sudo pvmove shi kaɗai, zai ci gaba daga inda ya tsaya. Na biyu yana fitar da tsohuwar gona daga gandu, na uku yana goge alamar LVM daga kanta.

Alamar kawai yake gogewa. Sunayen ma'aikata, da lambobin asusunsu na banki, da takardun filayen jama'a suna nan kwance a jikin tsohon faifan, mai ɗan ilimi zai iya tono su. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk hukumar da ke riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. Saboda haka kafin faifai ya bar ofis, ko a kai shi sito, a shafe shi da sudo shred -v -n 1 /dev/sdb, bayan an sake gwada lambar jikinsa da lsblk. Wanda ya lalace har ba ya shafuwa, a fasa shi a gaban shaidu, a rubuta a fayil.

Wani gargaɗin da ya shafi masu gyara na waje: kwamfuta mai Windows ba ta gane faifan LVM. Idan aka soka mata shi takan ɗauka sabo ne, ta nemi izinin shirya shi. Amsa mata da “to” yana iya shafe alamar gonar. Kada a yarda a fita da faifan uwar garke zuwa shagon gyara ba tare da jami'in da ya san tsarin ba.

Littafin gandu da miƙa aiki

Littafin da ke nuna rabon kunyoyi yana rubuce a farkon gonakin da kansu. Bugu da ƙari, duk lokacin da aka yi wani canji, LVM yakan ajiye kwafinsa na yanzu a foldar /etc/lvm/backup, tsofaffin kuma a /etc/lvm/archive. Rubutu ne da ido ke iya karantawa, kuma ba shi da nauyi. Idan aka cire wata gayauna bisa kuskure, sau da yawa bayananta suna nan a kunyoyinsu, sunanta ne kawai ya fita daga littafi. Muddin ba a yanka wa wani waɗannan kunyoyi an yi rubutu a kansu ba, ana iya duba jerin tsofaffin kwafi da sudo vgcfgrestore --list gandu, a zaɓi na kafin kuskuren a mayar da shi. Abin da ake so ga wanda haka ta faru da shi shi ne ya ɗauke hannunsa nan take, kada ya yanka sabuwar gayauna, ya nemi wanda ya fi shi sani. Ya kamata foldar /etc/lvm ta riƙa shiga cikin kowane kwafin ajiya, tunda idan faifan babbar manhaja ne ya mutu, da ita zai tafi.

Ma'aikatan ƙananan hukumomi ana yi musu canjin wurin aiki, wani lokaci da takardar kwana ɗaya. Uwar garken da tsarinta ke cikin kan mutum ɗaya, ranar da ya tafi ta zama kulle babu mabuɗi. Don haka ana shawartar kowane shugaban sashe ya buƙaci jami'in kwamfuta ya riƙa buga sakamakon pvs da vgs da lvs da df -h a takarda sau ɗaya a wata, ya sa kwanan wata da hannu, a saka a fayil ɗin ofis. Shafi ɗaya ne. Daga gare shi ko wanda bai san Linux ba zai iya tambaya: nawa ya rage a gandu, wace gayauna ce ta haura kashi 80, wacce aka tagwaita, yaushe aka ɗauki kwafin ajiya na ƙarshe, a ina yake, kuma yaushe aka gwada buɗe shi aka ga yana karantuwa. A bayan shafin a rubuta lambar jikin kowane faifai da shekarar da aka saye shi, kuma wannan takarda ta shiga cikin takardun miƙa aiki ga wanda zai gaji kujerar.